Sulken Mota a Fadamar Haɗeja: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ɗaura wa Hilux Farantin Ƙarfe

Duk mai bibiyar shafukan motoci a TikTok ko YouTube ya sha cin karo da bidiyon Hilux ko Land Cruiser da aka lulluɓe da ƙarfe tun daga bamba har ƙarƙashin tankin mai, tana hawa duwatsu a Ostireliya ko Afirka ta Kudu kamar ba komai. A can yawanci nishaɗi ne na ƙarshen mako. A Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa kuwa, motar da ta tsaya a tsakiyar fadama cikin watan Agusta tana iya zama silar asarar buhunan shinkafa, ko kuma ta hana mai naƙuda isa asibiti a kan lokaci.

Shi ya sa wasu masu motoci ke kai su wajen masu walda a ɗaura musu faranti a ƙasa. Aikin yana da amfani idan an yi shi da lissafi. Idan kuma aka yi shi da ka, yana iya ƙona inji, ya raunana shasi, ko ya sa direba ya shiga ruwan da bai kamata ya shiga ba don yana ganin motarsa ta zama tankar yaƙi.

Kafin a yi nisa, kalmar "sulke" a harkar mota tana nufin abubuwa biyu. Akwai farantin da ke kare cikin mota daga dutse da kututture da gefen kwalbati. Akwai kuma sulken da ke tare harsashi. Kayan aikinsu daban, kuɗinsu daban, dokarsu ma daban.

Hanyar da ke cin mota

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Yana bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa tsakiyar Jigawa, ya wuce Haɗeja ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwansa ke haɗuwa da na Jama'are su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Madatsun ruwa biyu ne ke riƙe da shi daga sama: Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Challawa ta 1992. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya samun gangaren da zai gudu da sauri. Ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, don haka kogi na cika sai ya fantsama gonaki da ƙauyuka. An ga haka a 2018 da 2020, sannan a 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi da dama a jihar, har kwalekwale ya maye gurbin mota a wasu garuruwa.

Jahun na kan titin kwalta da ya taso daga Kiyawa ya nufi Gujungu, amma da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka, labari ya canza. Da rani yashi ne mai zurfi. Da damina taɓo ne mai danƙo, wanda tarakta da manyan motoci ke haƙa wa ramuka biyu dogaye su bar tudu a tsakiya. Tayoyin Hilux na faɗawa cikin ramukan, cikinta kuma ya zauna a kan tudun. Bayan ruwa ya janye sai a tarar da kwalbatin da ƙasa ta zaizaye a gefensa, da guntun kankare, da rodi a tsaye, da kututturen da ruwa ya jawo ya binne rabi.

Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008 a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, yana karɓar mata daga ƙauyuka masu nisa, har daga wajen jihar. Da yawansu a irin waɗannan hanyoyi ake ɗauko su. Ga direban da ke ɗauke da irin wannan fasinja, ramin da ya fasa masa tukunyar baƙin mai ya wuce maganar kuɗin gyara.

Abin da ke ƙarƙashin mota

Mai karatu zai iya kunna fitilar wayarsa ya leƙa ƙarƙashin kowace mota mai tsayi. Daga gaba akwai ƙasan lagireto da bututansa. Sai tukunyar baƙin mai, wato wurin da man inji ke taruwa a can ƙasa. Bayanta giyabos, sannan a motoci masu ja da ƙafa huɗu akwai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sai farfela, da salansa, da tankin mai, da siraran bututan birki da na mai da ke bin jikin shasi.

A cikinsu duka, tukunyar baƙin mai ce ta fi saurin kashe mota. A wasu injina da siririn ƙarfe ake yin ta, ta loɓa idan ta bugu. A wasu kuma da narkakken alminiyum ake zuba ta, wanda ba ya loɓawa sai dai ya tsage. Ko wanne ne, idan mai ya tsiyaye, jar fitilar mai za ta kama a gaban direba, kuma injin da aka ci gaba da tuƙawa a haka cikin 'yan mintuna yake cijewa. Gyaran injin da ya cije ya ninka kuɗin faranti sau da yawa.

Kamfanoni kan fito da mota da 'yar kariya a ƙasa, amma sau da yawa roba ce ko siririn gwangwani da aka yi domin tare ƙura da fantsamar ruwa. A motocin da aka shigo da su na hannu ma, sau da yawa an daɗe da cire ta a gareji ba a mayar ba.

Ƙarfe, alminiyum ko roba

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma kalkuletar waya ta isa. Farantin baƙin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85 a kan kowace milimita ta kaurinsa. Na alminiyum kuwa kilo 2.7 ne. Ke nan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zai kai kilo 23.5, mai milimita 4 ya kai kilo 31.4. Alminiyum mai milimita 6, duk da ya ninka na farkon kauri, bai wuce kilo 16.2 ba.

Idan za a rufe inji da giyabos da tanki, a ce jimillar faɗin ya kai murabba'in mita 2, ƙarfe mai milimita 3 zai ƙara wa mota kilo 47, kusan buhun siminti guda, ban da madafai da kusoshi. Idan mai walda ya ce a sa mai milimita 6 "don ya fi ƙarko", an koma kilo 94. Wannan nauyin yana kan mota kullum, da lodi da babu lodi, yana cin mai, yana danna sifirin da shokozoba na gaba, yana kuma rage buhunan da motar za ta iya ɗauka.

Baƙin ƙarfe shi ne mai sauƙin samu, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu sayar da ƙarfe a manyan garuruwa. Kowane mai walda ya san hannunsa, idan ya lanƙwashe ana buga shi da guduma ya miƙe. Aibinsa tsatsa, kuma a yankin da mota ke kwana da jiƙaƙƙiyar laka a cikinta wata uku a shekara, tsatsa ba ta wasa. Dole a yi masa fenti mai hana tsatsa ciki da waje kafin a ɗaura.

Alminiyum ba ya irin wannan tsatsar kuma ya fi sauƙin nauyi, amma ya fi tsada, kuma waldarsa na buƙatar injin da ba kowane shago ke da shi ba. Akwai wata matsala da ba a cika sani ba: idan alminiyum ya manne da ƙarfe alhali akwai danshi a tsakaninsu, alminiyum ɗin ne ke cinyewa a hankali. Maganinta a sa washa ta roba ko fenti mai kauri a duk inda suka haɗu.

Akwai kuma wata roba mai tauri da ake kira UHMW, wadda ta fi ruwa sauƙin nauyi kaɗan kuma tana da santsi, don haka mota na zamewa a kan tudu maimakon ta maƙale. An fi ganin ta a ƙananan motocin daji na ƙasashen waje. Ba ta jure zafin salansa, kuma samun ta a nan sai an yi oda.

Ga motar da ke aikin fadama, inda matsalar ta fi zama tudun taɓo da kututture fiye da manyan duwatsu, ƙarfe mai milimita 3 zuwa 4 da aka lanƙwasa gefunansa ya wadatar. Lanƙwasar gefe na ƙara wa faranti ƙarfi fiye da ƙarin kauri. Ana ganin hikimar a jikin kwanon rufi: shimfiɗaɗɗe yana lauyewa a hannu, mai tudu da kwari kuwa yana ɗaukar nauyin mutum.

Yadda aikin ƙwarai yake

Mai aikin da ya san abin da yake yi da kwali yake farawa. Zai yanka kwali daidai siffar wurin, ya gwada a ƙarƙashin mota, ya yi alamar kowane rami, sannan ya ɗora a kan ƙarfe. Matasan da suka iya zane a kwamfuta na iya mayar da awon cikin manhaja kyauta irin FreeCAD, su kai wa masu injin yanka ƙarfe, aikin ya fito tsaf kuma a iya maimaita shi ga kowace mota irin wannan.

Abu mafi muhimmanci shi ne a ɗaure faranti da kusoshi, kada a liƙa shi da walda a jikin shasi. Dalili na farko, dole wata rana makaniki ya cire shi. Na biyu, zafin walda na sauya taurin ƙarfen shasi a wurin da ya taɓa, kuma daga irin wannan wuri tsagewa ke farawa. Na uku, wutar walda na iya lalata ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. Idan ya zama dole a yi walda a jikin mota, sai an cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aiki. Kusa da tankin mai kuwa ba a kunna walda kwata-kwata.

Shasin Hilux da Land Cruiser na da ramukan da kamfani ya bari, wasu ma da zarensu. Su ya kamata a bi. Huda sabon rami a leɓen sama ko na ƙasa na shasi yana raunana shi, domin nan ne nauyi ya fi taruwa.

Kusoshi ma ba ɗaya suke ba. A kan kowane ingantaccen ƙusa akwai lamba. Mai 4.6 ko 4.8 na aikin ƙofa da taga ne. Faranti na buƙatar mai 8.8 ko 10.9, kaurin milimita 10 ko 12, da notin da ba ya warwarewa da girgiza. Kan ƙusar kada ya leƙo ƙasa tsirara, domin dutse na farko zai goge shi har sufana ta kasa kama shi. A nutsar da shi cikin faranti ko a kewaye shi da zoben ƙarfe.

Tsakanin faranti da tukunyar baƙin mai a bar tazarar da ta kai kaurin yatsa biyu. Inji yana motsi a kan robobinsa, kuma faranti kan loɓa idan ya bugu. Wanda aka manna da tukunya zai miƙa mata bugun kai tsaye. Gaban farantin kuma a ɗaga shi sama kamar gaban kwalekwale, yadda zai hau kan abu maimakon ya soke shi. A bar ƙofa daidai ƙusar juye baƙin mai da wurin tacensa. Idan babu, yaron gareji zai cire farantin ranar juye, kuma ba lalle ya mayar da kusoshin duka ba.

Zafi, laka da ciyawa

Farantin da aka rufe ruf yana hana iska wucewa ta ƙarƙashin inji da giyabos. A watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, motar da ke jan lodi cikin yashi da ƙaramar giya tana buƙatar duk iskar da za ta samu. Giyabos mai sarrafa kansa ya fi shan wahala, domin mansa na saurin lalacewa da zafi. Saboda haka ake huda ramukan iska a faranti, kuma ba a rufe salansa.

Da damina ramukan na da wani aikin: fitar da ruwa da laka. Taɓon fadama idan ya taru a kan faranti ya bushe, yana zama kamar tubali. Yana ƙara nauyi, yana riƙe zafi, yana riƙe danshi a jikin ƙarfe. Da kaka kuma tattakar shinkafa da busasshiyar ciyawa ke cusuwa a wurin. Sashen salansa da ke tace hayaƙi yana ɗaukar zafin da ya kai ɗaruruwan digiri, ya isa ya kunna busasshiyar ciyawa. Direban da ya ratsa gona bayan girbi, ya dace ya leƙa ƙasa kafin ya ajiye mota.

Wani abu da ake mantawa: faranti na rage tazarar mota da ƙasa. Idan aka rataye shi ƙasa da yawa, motar da a da take wuce tudu lafiya za ta fara zama a kansa.

Maganar ƙaton bamba

Ƙaton bamban ƙarfe na gaba shi ne ya fi ɗaukar ido a hoto, shi ne kuma ya fi haɗari idan an ƙera shi da ka. An tsara gaban motocin zamani ne ya lotse lokacin karo domin ya shanye ƙarfin bugu, kuma na'urorin da ke buɗe jakar iska suna auna yadda bugun ya zo ne. Ƙarfen da aka liƙa kai tsaye a shasi na iya sa jakar ta buɗe a lokacin da bai dace ba, ya kuma miƙa bugun ga mutanen ciki. Ga mai tafiya a ƙasa ko ɗan acaɓa, abin ya fi muni. Tarayyar Turai ta kafa wa irin waɗannan ƙarafa ƙa'idoji masu tsauri a 2005, Indiya kuma ta hana su a Disambar 2017. Duk wanda ya san cunkoson Gujungu ranar kasuwa, da yara da dabbobi da babura a kan titi, zai gane dalili.

Inda waya ke shigowa

Kusan kowace mota ta zamani na da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD2, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner, direba zai ga zafin ruwan inji da lamba, maimakon allurar gaban mota da ba ta motsi sai abu ya yi nisa. A wasu motoci har zafin man giyabos ana iya gani.

Gwajin mai sauƙi ne. Kafin a ɗaura faranti, a bi wata hanya da lodin da aka saba, a rubuta lambar zafi mafi girma. Bayan an ɗaura, a sake bin hanyar a irin wannan lokaci na rana. Idan lambar ta tashi sosai, faranti na buƙatar ƙarin ramuka. Haka kuma a ɗauki hoton kowane ƙusa ranar da aka ɗaure shi, a ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin faranti. Bayan tafiyar farko a sake dubawa. Layin da ya goce yana nuna ƙusar ta fara warwarewa.

Waya na taimakawa tun kafin a tashi. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da hasashen ambaliya da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Shafin Flood Hub na Google, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2022, yana nuna hasashen cikar koguna na kwanaki masu zuwa. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun ana gari, domin sabis na ɗaukewa a cikin fadama. Duk da haka, taswira ba ta san kwalbatin da ya karye daren jiya ba. Kiran wani a ƙauyen da za a je, ko tambayar 'yan acaɓan da suka fito daga can, ya fi kowace manhaja sabon labari.

Faranti ba ya tare ruwa

Toyota ta ƙayyade wa sababbin Hilux zurfin ruwan da bai wuce santimita 70 ba, shi ma a ruwa mai kwanciya kuma a tafiyar hankali. Idan ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, fistin zai yi ƙoƙarin matse shi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Dogon bututun da ake ɗagawa gefen gilashi yana rage wannan haɗari. Akwai kuma ƙananan kafofin numfashi a jikin aksul da giyabos. Aksul mai zafi idan ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta nan, man ya koma kamar kunu. Ƙara musu siririn tiyo a ɗaga shi sama aiki ne mai araha ƙwarai, kuma ga motar fadama ya kai faranti muhimmanci.

Ruwa mai gudu kuwa babu abin da ke maganinsa. Hukumar yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma ya tafi da manya irin su Hilux. Inda ruwa ya haye titi, ba wanda ya san ko akwai sauran titi a ƙarƙashinsa.

Sulken harsashi wani abu ne daban

Matsalar tsaro a hanyoyin Arewa ta sa wasu na tambayar ko mai walda zai iya cusa ƙarfe a ƙofofin mota ya tare harsashi. Amsar ita ce a'a, kuma dalilin na cikin ƙarfen kansa. Baƙin ƙarfen kasuwa taurinsa bai wuce 120 zuwa 130 a ma'aunin Brinell ba. Ƙarfen sulke irin Armox 500T na kamfanin SSAB na ƙasar Suwidin yana kusan 500. Harsashin bindigar yaƙi na ratsa baƙin ƙarfe mai kaurin da ƙofar mota za ta iya ɗauka, ya kuma tafi da ɓaraguzan ƙarfen zuwa ciki.

A matakin da 'yan kasuwar ke kira B6, wanda aka gwada da harsasan bindigogin soja, ana amfani da ƙarfen sulke mai kaurin milimita 6 zuwa 7, wato kusan buhun siminti a kowane murabba'in mita. Gilashin kuma kaurinsa kusan santimita 4, nauyinsa ya kusa ninka na ƙarfen. Wasu wurare ana sa zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, domin rage nauyi. Duk da haka Land Cruiser da aka yi wa cikakken sulke na ƙara kusan tan guda ko fiye. Shi ya sa kamfanonin ke canza birki da sifirin da madafan ƙofa, su sa tayoyin da ke iya tafiya bayan sun fashe, su kuma rufe kowace tazara tsakanin ƙofa da ginshiƙi. Irin wannan mota a taɓon Auyo nutsewa za ta yi tun kafin Hilux marar sulke ta fara kakarewa.

Sojojin Amurka ma sun ɗanɗana wannan a Iraƙi. A Disambar 2004 wani soja ya tambayi sakataren tsaro Donald Rumsfeld a Kuwait dalilin da ya sa suke tonon bola suna neman guntayen ƙarfen da za su liƙa wa motocinsu. Motocin Humvee da aka ƙara wa sulke daga baya sun yi nauyi, sun riƙa cin kayan ƙafa, sun fi saurin kifewa. Daga nan aka koma ga motocin da aka ƙera da sulke tun farko, masu ciki kamar ƙasan kwalekwale da ke karkatar da ƙarfin nakiya gefe, dabarar da Afirka ta Kudu ta shahara da ita a motarta Casspir.

Mutanen Haɗeja ba baƙin wannan ciniki ba ne. Dawakin yaƙi na zamanin Sarki Buhari da sauran sarakunan ƙasar Hausa ana sa musu lifidi, wato rigar da aka cusa wa auduga, mahayi kuma ya sa sulke. Lifidi na tare kibiya, amma dokin da ke ɗauke da shi ba ya gudun wanda ba ya da shi, kuma yana saurin gajiya. Da Turawan Ingila suka auka wa Haɗeja da bindigogi masu sarrafa kansu a 1906, kariyar da aka tsara domin kibiya da mashi ba ta yi amfani ba.

Masu yin sa a Najeriya, da abin da doka ta ce

Ana ƙera motoci masu sulke a cikin gida. Kamfanin Proforce, da aka kafa a 2008, yana da masana'anta a Ode-Remo ta jihar Ogun, inda yake yi wa motocin farar hula sulke, yake kuma ƙera motar soja mai suna Ara. A Kaduna, hukumar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a 1964, ta haɗa kai da injiniyoyin soja suka fito da motar Ezugwu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Disambar 2019.

Motar sulke na cikin kayan da gwamnati ke sa wa ido. Shigo da ita na buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Farantin da ke kare inji a ƙasan mota ba ya cikin wannan rukuni. Amma motar da aka liƙa wa ƙarafa a ƙofofi da tagogi za ta jawo wa mai ita tambayoyi a kowane shingen jami'an tsaro, alhali ba ta ba shi kariyar da yake zato ba.

Ga mai Hilux a Jahun ko Harbo ko Aujara da ke da ɗan kuɗin da zai kashe kafin damina, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da tayoyi masu kyau da tiyon numfashin aksul, sai farantin inji da giyabos mai milimita 3 ko 4 da aka ɗaure da kusoshi masu lamba 8.8, sai igiyar ja da shebur a bayan mota. Farantin tanki ya biyo baya idan kuɗi ya ragu. Ga matasan da suka iya waya da kwamfuta kuma, akwai sana'a a nan: wanda ya auna ƙasan Hilux sau ɗaya ya ajiye zanen, zai iya haɗa kai da mai walda su riƙa fitar da faranti iri ɗaya ga duk masu irin motar daga Gujungu har Guri.